Masuntan Bodo Sun Sha Jira

Garin Bodo yana ƙasar Ogoni cikin Jihar Ribas, kuma da kamun kifi mutanensa suke ci da iyali. A shekarar 2008 bututun Kamfanin Shell ya fashe har sau biyu, ɗanyen mai ya malale ƙoramu, kifi ya mutu, aka jingine kwalekwale.

Da fari fam 4,000 kacal aka yi wa gari guda tayi. Masunta suka ƙi, suka tsallake kotunan Fatakwal suka kai ƙara Landan, abin da ya kamata hukuma ta ji kunyarsa. Sai a Janairun 2015 kamfanin ya yarda da biyan fam miliyan 55, masunci kowane ya sami wajen naira dubu 600. Aikin kwashe man kuwa, sai 2017 aka soma shi.