Abin Da Ke Sa Gyara Ya Ɗore A Wurin Aiki: Darasi Daga Masana'antar Fremont



Maƙasudin wannan lacca shi ne mu duba abin da ya sa akan kawo sabon tsarin aiki a kamfani ko ma'aikata, a kashe dukiya, a yi bikin ƙaddamarwa, amma kafin shekara uku sai a tarar kowa ya koma gidan jiya. Wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Kurt Lewin ya bayyana tun 1947 cewa canji yana da matakai uku, wato a sassauta tsohuwar al'ada, a shigo da sabuwa, sa'an nan a kafe ta har ta zama jiki. A mataki na uku ne galibin gyare-gyare suke mutuwa. Domin a ga yadda abin yake, za mu ɗauki misali daga ƙasar Amurka.

Kamfanin General Motors yana da wata masana'antar harhaɗa motoci a garin Fremont na jihar Kalifoniya, wadda ya rufe a 1982. Ta yi ƙaurin suna wajen yajin aiki da fitar da motoci masu aibi, har takan kai a wayi gari mutum ɗaya cikin biyar bai zo aiki ba. A 1984 aka sake buɗe ta bisa haɗin gwiwa da kamfanin Toyota na Japan, aka sa mata suna NUMMI. Mafi yawan ma'aikatan da aka ɗauka tsofaffin nan ne da ake kuka da su, kuma ƙungiyar ƙwadagonsu ba ta canja ba. Duk da haka, cikin ɗan lokaci fashin aiki ya ragu ƙwarai, ingancin motocinta kuwa ya shiga sahun gaba a duk masana'antun General Motors.

To, me Toyota ta yi? Da farko ta kai ɗaruruwan ma'aikata masana'antarta ta Takaoka, suka yi makonni suna aiki kafaɗa da kafaɗa da takwarorinsu, domin gani ya kori ji. Na biyu, ta raba su ƙananan rukunoni, kowane da shugabansa, ta ba su damar tsara yadda za su yi aikinsu. Na uku, ta rataya igiya a kan layin harhaɗawa, wadda kowane lebura yake da ikon ja idan ya ga kuskure, shugaban rukuni ya zo ya taimaka, in ta kama a tsayar da layin. A da kuwa, tsayar da layi babban laifi ne. Na huɗu, aka yi alkawarin ba za a rage ma'aikata ba sai in kamfanin na fuskantar durƙushewa. Da kasuwa ta ja baya a 1988 aka cika wannan alkawari, aka tura mutane horo maimakon a sallame su. Daga nan ma'aikaci ya amince cewa shawarar da ya bayar ta rage wahalar aiki ba za ta zama sanadin korarsa ba.

Sai dai General Motors ya sha wuya wajen kai wannan tsari sauran masana'antunsa. Manajojin da ya aika Fremont su koyo, da suka gama sai aka warwatsa su ɗai-ɗai, kowa ya tarar da tsohuwar al'ada ta fi ƙarfinsa, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A masana'antar Van Nuys an gwada tsarin rukunoni, amma ana ci gaba da auna manaja da yawan motocin da suka fita, ma'aikata kuma suna tsoron rasa matsayin da daɗewa a aiki ta ba su. An rufe ta a 1992. Ita kanta NUMMI an rufe ta a 2010, bayan General Motors ya janye lokacin karyewar jarinsa a 2009.

Ma'aikatan gwamnati a Nijeriya ba baƙin wannan matsala ba ne. Hukumar Udoji, wadda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1972, ta miƙa rahoto a 1974 inda ta ba da shawarar a riƙa gudanar da aiki bisa manufa, a auna ma'aikaci da sakamakon aikinsa. Ƙarin albashin da ke cikin rahoton an biya shi har da ariya, kuma shi jama'a suka riƙe, amma sabon salon aikin bai yi saiwa ba.

A taƙaice, duk wanda aka ɗora wa nauyin wani gyara ya kamata ya tambayi kansa abu uku. Shin masu yin aikin da hannunsu sun ga sabon tsarin, an kuma ji ta bakinsu? Shin an kawar musu da tsoron abin da za su rasa? Shin ma'aunin yabo da ƙarin girma ya bi sabon tsarin, ko kuwa yana nan a kan tsohon? Ma'aikaci dai abin da ake auna shi da shi yake bi, ko da takardar umarni ta faɗi wani abu dabam.