Magarya da Dungas: Ƴar na'urar da ke sa ana zubar da risiba mai lafiya

Daren wasan ƙwallo a Magarya, gidan kallo ya cika, gurup na ruri a bayan rumfa, an karɓi kuɗin shiga. Mai gidan ya danna rimot don ya koma tashar da za ta nuna wasan, sai allo ya yi baƙi, aka rubuta babu sigina. Ya koma tashoshin wani tauraron, suna nan garau. Ya sake dawowa, shiru. Kafin a tafi hutun rabin lokaci ƴan kallo sun fara neman a mayar musu da kuɗinsu.

A gidajen aure ma haka abin yake, sai dai can ƙarshensa kiran waya ne. A kira ɗa ko ƙane da ke neman kuɗi a Kano, Legas, Agadas ko Aljeriya, a ce masa risiba ta mutu, ya turo na sabuwa. Sau da yawa kuwa risibar lafiyarta lau. Matsalar tana wajen wata ƴar na'ura da ba ta kai tafin hannu ba, wadda ke rataye a bayan faranti, rana da ruwa suna dukanta.

Me ya sa faranti ɗaya ba ya isa?

Gundumar Magarya tana kudancin jihar Damagaram, a bakin iyakar Najeriya. Dungas kuma, wadda aka cire daga cikinta ta zama gunduma a 2011, tana maƙwabtaka da Maigatari ta jihar Jigawa. Mutanen yankin suna kallo da ido biyu. Ana son Tele Sahel don labaran Yamai, ana son Arewa24 da sauran tashoshin Hausa, dattawa na son tashar Makka da ta Madina, samari na son ƙwallon Turai.

Waɗannan tashoshi ba a kan tauraro ɗaya suke ba. Nilesat yana digiri 7 yamma, Eutelsat 16A yana 16 gabas, Badr na Arabsat yana 26 gabas, Astra kuma 28.2 gabas. Kowanne sai an saita masa farantinsa, ko aƙalla LNB ɗinsa, wato na'urar da ke gaban faranti tana karɓar sigina. Ita kuwa risiba yawanci ƙofar shigar waya ɗaya gare ta.

Nan ne aikin suwic ɗin DiSEqC, wanda masu gyara ke kira daisek. Kamfanin Eutelsat ne ya tsara fasahar. Samfurin 1.0 yana haɗa LNB har huɗu a waya ɗaya, samfurin 1.1 yana kaiwa 16.

Yadda suke magana da juna

Suwic ba shi da batir, ba shi da wayar wuta tasa. Risiba ce ke ciyar da shi ta cikin wayar faranti, da wuta mai ƙarfin bolt 13 ko 18. A kan wannan wuta take aika masa da saƙo ta wani sauti na kilohaz 22, ta ce masa buɗe ƙofa ta ɗaya, ko ta uku. In wutar ta yi rauni, ko saƙon ya lalace a hanya, suwic ba zai ji ba.

Alamar da aka fi gani ita ce tauraro ɗaya yana aiki, sauran sun ɓace. Suwic da yawa, in ba su samu umarni ba, a ƙofa ta ɗaya suke tsayawa. Risibar da ke nuna hoton tauraro ɗaya tas kuwa da wuya a ce ta ƙone.

A fara da abin da ba ya cin kuɗi

Matakin farko a cikin saitin risiba yake. A duba ko wutar LNB a kunne take, domin in an kashe ta, suwic da LNB duk sun kwanta. Sannan a duba lambar ƙofa. In wayar Nilesat tana ƙofa ta biyu a jikin suwic, dole a cikin risiba ma a sa ta biyu, ko harafin B. Yaro ya yi wasa da rimot, ko an mayar da risiba saitin kamfani, ko an ɗora mata sabuwar manhaja, duk suna iya goge waɗannan lambobi. Haka nan suwic mai ƙofa huɗu a layin 1.0 ake saita shi, a bar layin 1.1 a kashe.

Mataki na biyu shi ne gwajin da ke raba gardama. A cire risiba daga wuta gaba ɗaya, a kwance suwic, a haɗa wayar LNB ɗaya kai tsaye da wayar da ta shiga ɗaki. In tashoshin tauraron sun dawo, to faranti, LNB da risiba duk sun fita daga zargi. A gwada sauran ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ƙi kawowa ko da babu suwic, farantinsa ne iska ta karkatar, ko LNB ɗinsa ya lalace.

Na uku, kawunan waya. Silin ƙarfe ɗaya daga saƙar da ke kewaye da waya, in ya taɓa jan ƙarfen tsakiya, ya isa ya katse wutar duka. Kan da ya yi tsatsa ko ya yi kore a yanke shi a ɗaura sabo. Mai gyaran da ke da mita zai auna ƙarshen wayar, ya ga ko bolt 13 ko 18 ɗin suna isowa. Waya mai tsawo ƙwarai, ko mai arha, ko mai ɗauri-ɗauri, tana shanye wutar a hanya.

Yanayi da wuta

A wannan yanki kayan faranti ba sa hutawa. Zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, yana busar da robar suwic ta tsage. Hunturu ya cika tsagar da ƙura. Damina ta zo daga Yuni zuwa Satumba, ruwa ya bi waya ya shiga ciki, ga tsawa mai ƙona ƙofofin suwic ko da ba ta faɗo a gidan ba.

Sai batun wuta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta katse lantarkin da take bai wa Nijar, har zuwa Maris ɗin 2024. A ƙauyukan da layin NIGELEC bai kai ba kuwa, dama da sola da batir ake kallo. Batirin da ya yi sanyi, ko adaftar bolt 12 da ta gaji, suna iya kunna risiba amma su kasa ɗaukar nauyin suwic da LNB. Shi ya sa wani gidan da rana komai yana kawowa, da dare ya yi nisa sai tashoshi su fara ɓacewa. Canza batir ko adafta kan magance wannan.

Kuskuren da ya fi kashe suwic

Shi ne ɗaura waya ko kwance ta alhali risiba tana jone da wuta. Kashewa da rimot bai isa ba, don wasu risibobin suna ci gaba da tura wuta a wayar. Sai an zare fulogi. Mutum kan sayo sabon suwic daga kasuwar Maigatari ko Damagaram, ya ƙona shi a minti na farko, ya ce an sayar masa da jabu.

In an ɗaura sabo, a juya bakin ƙofofinsa ƙasa, a naɗe kawunan da salatif, a sa shi a ƙarƙashin faranti ko cikin yankakkiyar gorar roba da ke buɗe ta ƙasa. A rubuta sunan kowane tauraro da lambar ƙofarsa a takarda, a manna a bayan talabijin.

Ga wanda ke nesa da gida, kafin ya nufi wurin tura kuɗi, tambayoyi uku za su taimaka. Tashoshin duka ne suka ɗauke ko na tauraro ɗaya? An yi ruwa da iska a ƴan kwanakin? An gwada waya kai tsaye ba tare da suwic ba? In an ce wasu tashoshin suna kawowa, to a fara aiko da hoton saitin risibar ta WhatsApp, kuɗin sabuwa ya dakata tukuna.