Jean Börlin: Ɗan Rawan Da Ya Ɗauki Kayan Da Ya Fi Ƙarfinsa

A ƙasashen Turai akwai wata irin rawa da ake kira bale, wadda ake ba da labari da motsin jiki kurum, ba tare da an ce uffan ba. Sana'a ce da ake koya tun ana ƙanana, a makaranta. Yau za mu ba masu karatu labarin wani gwaninta, mutumin ƙasar Suwidin, wai shi Jean Börlin.

An haife shi a garin Härnösand ran 13 ga Maris, 1893. Tun yana yaro aka sa shi makarantar rawa ta gidan wasan Sarki a Stockholm, babban birnin ƙasar. A can ne wani mashahurin malamin rawa na Rasha, Michel Fokine, ya lura da hazaƙarsa, daga baya kuma ya koyar da shi.

A cikin 1920 wani attajiri ɗan ƙasarsu, Rolf de Maré, ya kafa ƙungiyar 'yan rawar Suwidin a birnin Faris. Suka yi wasansu na farko ran 25 ga Oktoba. De Maré ke fid da kuɗi, amma fa aikin duk a wuyan Börlin yake. Shi ke tsara rawa, shi ke koya wa 'yan wasa, shi ne kuma babban ɗan rawa. Cikin shekara 5 ya tsara wasanni fiye da 20, ga yawon ƙasashe har Amurka.

Biyu daga cikinsu, waɗanda aka nuna a dare guda cikin 1923, sun isa a ambata. Na farko, La Création du monde, watau Halittar Duniya, an ɗauko shi ne daga labarun Afirka da marubuci Blaise Cendrars ya tattara daga littattafai. Darius Milhaud ya tsara kiɗan, Fernand Léger ya zana kayan sawa. Sai dai Afirkar da aka nuna ta tunanin Turawa ce, wadda suka sani a littafi da gidan tarihi.

Na biyun, Within the Quota, labarin wani baƙo ne daga Suwidin wanda ya sauka Amurka neman arziki, ya ruɗe da abubuwan birni. Börlin da kansa ya fito a baƙon. Wanda duk ya taɓa sauka babban birni da ɗan akwatinsa, bai san kowa ba, ya san abin da ake nufi.

To, amma jiki da jini. Gajiya ta cinye Börlin, kuɗin da ake kashewa kuma ya fi abin da ake samu. A cikin 1925 de Maré ya rufe ƙungiyar. Börlin ya ci gaba da wasa, har ya taɓa fitowa a sinima, amma tauraronsa bai sāke haskawa kamar dā ba. Ya rasu a Niyu Yok ran 6 ga Disamba, 1930, yana ɗan shekara 37, nesa da gida.

De Maré bai manta da abokinsa ba. Ya kafa ma'ajiyar tarihin rawa a Faris, kuma a 1932 aka yi gasar tsara rawa don tunawa da Börlin. A 1953 aka buɗe gidan tarihin rawa a Stockholm, inda aka adana kayan ƙungiyar. Gida dai ya karɓi aikin ɗansa, ko da yake a baƙunci ya yi shi.