Garin Zogale da na Kuka: Inda Ribar Take da Inda Ake Tafka Asara

A manyan kantunan Landan da Balin, har ma da na Abuja da Legas, ana jera garin zogale da na 'ya'yan kuka cikin ledoji da gwangwanaye masu ƙyalli, ana sayar da su da awon giram a kan farashin da zai ba mai kai kaya kasuwar Dawanau mamaki. Turawa sun laƙaba wa irin wannan gari wani suna na talla mai ma'anar "abinci mai fifiko". Sunan ba daga likitoci ya fito ba, kuma tun 2007 dokar Tarayyar Turai ta hana a buga shi a jikin kaya sai an haɗa shi da wata fa'ida ga lafiya wadda hukuma ta amince da ita. Duk da haka cinikin na gaske ne, kuma itatuwan biyu sun daɗe a gonaki da bayan gidajen arewacin Nijeriya.

Kukar da ake nema a ƙetare ba ita ce ta miya ba. Ta miya ganye ce da aka busar aka daka. Wadda Turai ke saye kuwa ita ce farin garin nan mai ɗan tsami da ke cikin ƙwanson ɗan itacen, wanda masu tallar nono kan kaɗa a cikin nono don ya yi kauri. Yana bushewa da kansa a cikin ƙwanson, don haka aikinsa bai wuce fasawa da raba shi da ƙwallaye da tankaɗe ba. Idan aka auna nauyi da nauyi ya ninka lemon zaƙi wajen bitamin C, kuma kusan rabinsa harza ce mai taimakon hanji. A 2008 Tarayyar Turai ta ba da izinin sayar da shi a matsayin abinci, bisa buƙatar ƙungiyar PhytoTrade Africa ta masu sarrafa albarkatun daji a kudancin Afirka, Amurka kuma ta bi sahu a 2009. Ƙasashen kudancin Afirka da Senegal da Ghana sun riga Nijeriya kama wuri a wannan kasuwa.

Shi kuwa zogale asalinsa daga Indiya yake, kuma ita ce kan gaba wajen nomansa. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen ganyensa furotin ne, ga sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da kalsiyam, da abin da jiki ke mayarwa bitamin A. Wannan ne ya sa tun 1997 aka fara gwada shi a yankin Kasamas na Senegal, ana barbaɗa shi a abincin yara masu tamowa da mata masu shayarwa. A gida ana cin ganyen a kwaɗo da dambu da miya, garin kuma a zuba a kunu ko koko. A Turai ana dama shi a yogot da ruwan 'ya'yan itace, ko a ɗura shi a kafso.

Sai dai akwai lissafin da masu talla ba su son yi. Idan aka ce zogale ya ninka madara ko alayyahu, ana gwada busasshen gari ne da ɗanyen abinci mai cike da ruwa, giram 100 da giram 100. Ba mai iya shan giram 100 na garin zogale a zama ɗaya. Ƙaramin cokali bai wuce giram 2 ba, wato rabin giram na furotin ke nan, alhali ƙwai ɗaya na ba da kusan giram 6. Amfaninsa yana cikin ci a kai a kai tare da sauran abinci. Gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane dangane da ciwon sukari da hawan jini kaɗan ne kuma ƙanana, ba su kai a ce magani ne ba. Mai shan maganin asibiti ya nemi shawarar likita, mai juna biyu kuma ta guji saiwa da ɓawo.

Wannan batu ya shafi aljihun ɗan kasuwa kai tsaye. Duk wanda ya rubuta a jikin leda cewa kayansa na warkar da cuta ya saɓa wa ƙa'idar hukumar NAFDAC a gida, ya kuma rufe wa kansa ƙofa a waje. A 2019 hukumar kula da lafiya ta Brazil ta haramta sayar da abincin da ke ɗauke da zogale, saboda babu tantancewar da ta tabbatar mata da rashin illarsa, kuma ta koka da tallace-tallacen warkarwa da ake yi da shi.

Babbar asarar dai a wajen shanya ake yin ta. Kusan kashi uku cikin huɗu na ɗanyen ganye ruwa ne, saboda haka sai an tsinke aƙalla kilo huɗu kafin a sami kilo ɗaya na gari. Ganyen da aka baza a rana yakan dushe, ya rasa kaso mai yawa na bitamin A, mai saye kuwa kore shar yake nema. Wanda aka baza a ƙasa, inda kaji da awaki ke kai-komo, yana iya kwasar ƙwayar cutar salmonela, kuma tun da ba dafa garin ake yi ba, babu wutar da za ta kashe ta. An sha janye garin zogale daga kasuwannin Turai da Amurka saboda wannan ƙwaya. Nijeriya kuma tana da tabo a idon masu binciken kaya, tun da a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga ƙasar saboda yawan maganin ƙwari.

Ke nan jarin da ake buƙata ba na gona kaɗai ba ne. Ana buƙatar rumfar shanya mai raga da iska ke ratsawa, ruwan wanki mai tsabta, injin niƙa na ƙarfen da ba ya tsatsa wanda ba a niƙa barkono ko dawa a cikinsa, da sakamakon ɗakin gwaji ga kowane rukunin kaya. Sai rajistar NAFDAC, da ta hukumar bunƙasa fitar da kayayyaki, NEPC, da takardar lafiyar tsirrai daga hukumar NAQS. Ƙaramin ɗan kasuwa ba zai iya ɗaukar wannan nauyi shi kaɗai ba, shi ya sa ƙungiyoyin gama-kai da ke tara ganye a wuri guda suka fi dacewa da harkar. Kafin a kai ga cika kwantena, akwai kantunan Kano da Kaduna da Abuja da Legas, waɗanda su ma lambar NAFDAC suke fara dubawa kafin su karɓi kaya.