Maiƙon Tantanin Arkiya Masu Son Zafi da Yadda Ake Haɗa Shi

Gabatarwa

Idan bazara ta kankama a Yola, zafi kan wuce digiri 40, har man shanu ya narke a kasuwar Jimeta. Maiƙo ne kuwa ginshiƙin tantanin da ke lulluɓe kowace ƙwayar halitta. Wannan maƙala za ta bayyana dalilin da ya sa tantanin wasu ƙwayoyin ba ya lalacewa a ruwa mai ƙuna, kuma maɓuɓɓugai irin Ruwan Zafi ta Lamurde ne ake neman irinsu.

Arkiya da Maiƙonsu

A shekarar 1977 Carl Woese da George Fox suka nuna cewa arkiya jinsi ne daban da bakteriya. Daga cikinsu akwai Sulfolobus acidocaldarius, wadda Thomas Brock ya bayyana a 1972, mai bunƙasa a wajen digiri 75.

Maiƙon bakteriya sarƙoƙi ne miƙaƙƙu da aka ɗaura wa gilisarol da ɗaurin esta, wanda zafi da tsami kan kwance. Na arkiya kuwa sarƙoƙi ne masu rassa, an ɗaura su da ɗaurin eta, wanda ya fi jurewa. A yawancin masu son zafi, sarƙa mai kabon 40 kan ratsa tantanin daga ciki har waje, sai ya zama falle ɗaya maimakon biyu.

Matakan Haɗawa

Da farko ƙwayar kan ƙera tubala masu kabon 5 ta hanyar mebalonat. Sai ta jera huɗu su zama sarƙa mai kabon 20, ta ɗaura biyu a jikin gilisarol. Daga nan wani enzayim mai suna Tes, wanda aka gano a 2022, kan haɗe wutsiyoyin maiƙo biyu. Wasu kuma, GrsA da GrsB, da aka bayyana a 2019, kan lanƙwasa sarƙar ta yi zobba. Gwargwadon ƙaruwar zafi, gwargwadon yawan zobban, har zuwa 8, sai tantanin ya ƙara matsewa.

Kammalawa

A nan akwai jan aiki ga masana harshe. Hausa ta tanadi kitse da mai da maiƙo. Kitse na jikin dabba ne, mai kuma ya haɗa har da fetur. Saboda haka maiƙo ya fi cancanta a daidaita a kansa, domin kada ɗalibi ya ɗauka arkiya ƙiba suke yi.