Idan Manhajar Ƙididdiga Ta Tace Bayanai Ba Daidai Ba: Ina Matsalar Take, Wa Za A Kai Wa Rahoto?

A ma'aikatun gwamnati da manyan shaguna, ɗaya daga cikin ayyukan yau da kullum shi ne ware wani ɓangare daga dogon jerin bayanai. Jami'in kula da ma'aikata yana son sunayen waɗanda suka cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, wato wa'adin ritaya a aikin gwamnati. Ɗan kasuwa kuma yana son sanin waɗanda bashinsu ya haura wani adadi. Da zarar sakamako ya fito a karkace, sai a ɗora wa manhaja laifi, alhali galibi matsalar tana cikin bayanan ne ko a umarnin da aka rubuta.

Abu na farko da za a duba shi ne guraben da ba a cike ba. Manhajar Stata tana ɗaukar gurbin lamba da babu komai a matsayin wanda ya fi kowace lamba girma. Saboda haka idan aka nemi masu shekara 60 zuwa sama, duk ma'aikacin da ba a rubuta shekarunsa ba zai faɗa cikin jerin masu ritaya. A manhajar R, irin wannan gurbi ana yi masa alamar NA, kuma umarnin subset() yana zubar da layinsa ba tare da gargaɗi ba. Wato ɗaya na shigar da wanda bai cancanta ba, ɗaya kuma na iya fitar da wanda ya cancanta.

Na biyu shi ne bambancin rubutu. A wurin kwamfuta, "Kano" da "kano" abubuwa biyu ne, haka ma "Dambatta" da "Danbatta", ko sunan da aka bar tazara a ƙarshensa. A R, umarnin table() zai nuna kowane salon rubutu da adadinsa, trimws() kuma ya share tazarar.

Na uku, lambobin da aka adana a matsayin rubutu. Wannan na faruwa idan an shigo da fayil daga Excel da waƙafi ko alamar naira a jikin kuɗi. A irin wannan hali manhaja tana gwada harafi da harafi, sai "9" ya fi "60", bashin "100" kuma ya gaza na "60". Umarnin str() yana bayyana nau'in kowane ginshiƙi.

Na huɗu, lambobi masu ɗigo. A R, tambayar ko 0.1 da 0.2 sun yi daidai da 0.3 cif-cif tana ba da amsar a'a, domin kwamfuta ba ta iya adana irin waɗannan lambobi ba tare da ɗan ragi ko ƙari ba. Wannan ba tangarɗa ba ce; all.equal() ake amfani da shi wajen irin wannan gwaji.

Ƙa'ida ɗaya tana taimakawa wajen kama wasu daga cikin waɗannan kurakurai: a ƙirga layuka kafin tacewa da bayanta. Waɗanda aka zaɓa da waɗanda aka bari dole su haɗu su ba da jimillar farko.

To, idan an bi duk wannan matsalar ba ta kau ba fa? Sai a tantance mai alhaki. R, wadda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙiro a Jami'ar Auckland ta ƙasar New Zealand, kyauta ce, kuma ana shigar da rahoton tangarɗar ainihin manhajar a rumbunta na Bugzilla. Amma idan kuskuren na wani ƙarin ƙunshi ne da aka sauke daga CRAN, mai kula da ƙunshin ake tuntuɓa. Umarnin maintainer() zai nuna shi, kuma da yawansu a GitHub suke karɓar rahoto. Masu lasisin Stata su nufi sashen tallafin kamfanin StataCorp, na SPSS kuma kamfanin IBM, wanda ya saye ta a 2009.

Rahoto mai amfani gajere ne. A sabunta manhajar tukuna, a haɗa ɗan misali mai layuka kaɗan da kowa zai iya maimaitawa, a faɗi abin da aka sa ran gani da abin da ya fito, sannan a liƙa sakamakon sessionInfo() idan R ce.

Kada a kuskura a tura ainihin fayil ɗin ofis. Sunayen ma'aikata da albashinsu da lambobin wayar abokan ciniki amana ce, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba su kariya. A ƙirƙiri bayanan gwaji masu nuna matsalar, a bar na gaskiya a inda suke.