Yadda Ake Tayar da Rumbun Fayil Idan Faifai Ya Mutu

'Yan'uwana ɗalibai, yawancinmu za a tura mu makarantun da duk takardunsu, tun daga sunayen yara har sakamakon jarrabawa, suna cikin kwamfuta ɗaya a ofis, sauran kuwa daga gare ta suke ɗiba. Ita ce masu gyara ke kira saba, ni kuwa rumbu nake ce mata. Abin da ya fi mutuwa a cikinta shi ne faifan ajiya.

Faifan nan ɗan'uwan faifan garmaho ne, sai dai shi da maganaɗisu ake rubutu a kansa. Kamfanin IBM na Amurka ya fara fito da shi a 1956, da faranti 50 a jere. Na yanzu tafin hannu ya ɗauke shi, yana kuwa juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda. Allurarsa ba ta taɓa farantin, shawagi take yi a bisansa, tsakaninsu ko kusa da kaurin gashi bai kai ba. To, ku dubi zafin Jalingo a watan Maris, da ɗaukewar wuta, da girgizar janareto, lalle ba abin mamaki ba ne ya gaji.

Da nake koyon koyarwa a Barade na taya wani mai gyara wannan aiki a wani ƙaramin ofis. Faifan ya soma ƙas-ƙas, fayil ya ƙi buɗuwa, ga akawu yana jiran takardar albashi. Abin da mai gyaran ya fara yi shi ne kashe injin, domin faifai mai ciwo kowane juyi ƙara masa rauni yake yi. Kada a buga shi, kada a sa shi a firji yadda waɗansu ke faɗi, kada kuma a kwance murfinsa, gama ƙwayar ƙurar hunturu guda ta isa ta karce farantin. A fara duba waya tukuna, wani lokaci ita ce ta saki.

Idan an tabbata faifan ne, sai a sayo sabo, girmansa daidai da tsohon ko ya fi. Daga nan sai a ga irin tanadin da aka yi. In rumbun tagwayen faifai gare shi, watau abin da aka rubuta a wannan an rubuta a wancan (dabarar da malaman jami'ar Kalifoniya suka sa wa suna RAID a 1987), aikin da sauƙi. Amma a karanta lambar da ke jikin kowanne kafin a zare, don kada a cire mai lafiya. A kwafe muhimman fayil daga mai ran tukuna, kana a sa sabon, injin ya cika shi. Terabayit 1 yakan ci awa 3 ko fiye, saboda haka a tanadi man janareto da batirin riƙe wuta.

In faifan ɗaya ne, sai a koma ga kwafin ajiya. A ɗora wa sabon faifai manhaja, a sake rubuta sunayen ma'aikata da iznin kowa, sa'an nan a zuba fayil. Maganar izni nan kada a raina ta, in ba haka ba masinja ya buɗe takardar albashin hedimasta. A buɗe fayil goma ko ashirin a gani da ido, musamman na kwanan nan.

In babu kwafi fa? Akwai manhaja kyauta mai suna ddrescue, tana kwashe wuraren da ke karantuwa tukuna, ta komo kan masu wuya daga baya. A kan sabon faifan ake neman fayil, tsohon a bar shi ya huta. A ofishin nan haka aka yi, aka sami galibin takardu, na wata biyu suka salwanta, akawu ya sake buga su daga rasit.

A ganina tagwayen faifai ba su isa tanadi ba, gama abin da aka goge a ɗaya ya gogu a ɗayan, tsawa ko ɓarawo kuma duka biyun za su ɗauka. Ma'abota aikin sun ce kwafi 3, a kan abubuwa iri 2, guda 1 a wani gida dabam. Ofishin nan yanzu kowace Juma'a akawu yakan kwafe fayil a ƙaramin faifai ya kai gidan shugabansu, farkon wata kuma a buɗe kwafin a gwada.